Inuwar Taswira a Fuskar Waya: Nazarin Wata Taƙaddama a Kasuwar Waya ta Wuse

A ƙarshen watan Afrilu, kafin damina ta zauna a Abuja, wani direban motar haya mazaunin Kubwa ya kai ƙara gaban kwamitin sulhu na wata kasuwar waya da ke Wuse, yana zargin wani mai gyara da karɓar kuɗin sikirin na ainihi alhali na jabu ya saka masa. Direban yana cikin masu samun fasinja ta manhaja, saboda haka wayar ce rumfarsa, ita ce kuma jagorarsa daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe zuwa Maitama, ko daga Gwarimpa zuwa Nyanya. Watanni bakwai kafin ƙarar wayar ta suɓuce masa a bakin kwalbati, gilashinta ya tsage, ya kai ta kasuwar aka canza masa sikirin a kan kuɗin da ya kai abin da yake samu a mako biyu, kuma mai gyaran ya tabbatar masa cewa orijina ne.

Abin da ya jawo ƙarar shi ne inuwa. Duk abin da ya buɗe a wayar, hoto ne ko saƙo, sai ya ga taswirar aikinsa tana leƙowa daga ƙarƙashi: ga layin sama mai agogo da alamar batir, ga akwatin ƙasa inda ake nuna mintocin da suka rage a isa, ga zagayen maɓallin karɓar fasinja, duk sun zauna daram kamar sawun tabarma a kumatun wanda ya tashi daga barci. Farin tsakiyar fuskar kuwa ya soma komawa ruwan ɗorawa. Mai gyaran, wanda ya shekara tara a sana'ar, ya ce shi bai ha'inci kowa ba, domin dilan da ke kawo masa kaya daga Legas a matsayin mai daraja ta ɗaya ya sayar masa da shi. Shugaban kwamitin dattijo ne da muke salla a masallaci ɗaya, ya kuma san ina koyar da ilmin sinadarai, sai ya tare ni bayan la'asar ya ce, “Malam, ka zo ka duba mana abin nan, kada mu zalunci wani.” Na amsa, domin mutuncin mai sana'a ne a gefe guda, abincin mai iyali a ɗaya gefen.

Mai masauki da baƙonsa

Ba a fahimtar wannan inuwa sai an san yadda sikirin irin na OLED yake samar da haske. Shi ba shi da fitila a bayansa kamar na LCD. Kowane ɗigo da ke fuskarsa, ja ko kore ko shuɗi, fitilar kansa ce, an gina shi da siraran shimfiɗu na sinadarai masu tushen kabon, kuma shimfiɗar da ke ba da hasken kaurinta bai wuce nanomita 20 zuwa 40 ba, wato sai an jera irinta fiye da dubu kafin a kai kaurin silin gashi. Daga gefe ɗaya ilaktiron, wato ƙwayar da ke ɗauke da wutar lantarki, ke shigowa, daga ɗaya gefen kuma gurbinsa, wato wurin da wani ilaktiron ya bari, inda suka haɗu sai su zama abin da zan kira ƙullin kuzari, wanda in ya kwance a inda ya dace ya fito a matsayin haske, in bai dace ba ya zama zafi.

Wannan shimfiɗa haɗin sinadarai biyu ce, kuma sunayen da masana suka ba su sun yi daidai da al'adarmu: mai masauki da baƙo. Baƙon shi ne ƙwayar da ke fitar da launi, amma yawansa kaɗan ne, galibi kashi 1 zuwa 10 cikin ɗari. Sauran duk mai masauki ne. Shi ke ɗauko ilaktiron da gurbinsa ya kawo su wuri ɗaya, shi ke miƙa wa baƙo kuzarin, shi ke kuma raba baƙi da juna, domin idan suka cunkushe sai su riƙa jefa wa juna kuzarin har ya salwance ba tare da ya zama haske ba. Kamar dai gidan da aka yi babban baƙo: shi ake gani a zaure, amma mai gida ne ya ɗebo ruwa, ya sa aka hura wuta, ya kawo akushi.

An ɗauki lokaci kafin a kai ga wannan tsari. A 1963 Martin Pope da abokan aikinsa a Jami'ar New York suka sa lu'ulu'un antirasin, wani sinadari da ake samu a kwaltar kwal, ya ba da haske, sai dai ya buƙaci ɗaruruwan bolt. A 1987 Ching Tang da Steven Van Slyke na kamfanin Kodak a Amurka suka samu koren haske mai ƙarfi da ƙasa da bolt 10, ta hanyar amfani da siraran shimfiɗu da wani sinadari mai ɗauke da alminiyom da ake taƙaita sunansa Alq3. Shekara biyu bayan haka, a 1989, suka barbaɗa ɗan rini kaɗan a cikin Alq3 ɗin, sai hasken ya ninka, launin kuma ya zama abin da za a iya zaɓa. Daga ranar Alq3 ya tashi daga mai haske ya koma mai masauki, kuma a kan wannan dabarar aka gina duk sikirin OLED da ke kasuwar Wuse a yau.

Akwai wata matsala da ta rage. Cikin kowane ƙulli huɗu da wutar lantarki ke ƙullawa, ɗaya ne kawai mai saurin sakin haske, wanda ake kira singilet, sauran ukun kuwa, tirifilet, a sinadarai na yau da kullum zafi suke komawa. A 1998 Marc Baldo da Stephen Forrest na Jami'ar Princeton tare da Mark Thompson na Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka nuna cewa baƙo mai ɗauke da ƙarfe mai nauyi, filatinom, yana iya mayar da tirifilet haske, a 1999 kuma suka yi amfani da iridiyom a cikin mai masaukin da ake kira CBP, wanda aka gina da kabazol, shi ma ɗan kwaltar kwal ne. Amma wannan riba da sharaɗinta: dole kuzarin tirifilet na mai masauki ya ɗara na baƙo, in ba haka ba kuzarin ya gangaro ya dawo wurin mai masauki ya mutu, tunda ruwa ba ya hawa tudu. A ma'aunin da ake kira ilaktiron-bolt, na CBP yana wajen 2.6, na koren baƙon iridiyom yana wajen 2.4, don haka suka zauna lafiya. Ja ya fi wannan sauƙi.

Shuɗi ne ya ƙi. Haskensa kaɗai yana ɗauke da kuzarin da ya kai wajen 2.7, saboda haka mai masaukinsa sai ya kusanci 3, alhali ɗaurin da ke riƙe kabon da naitirojin a irin waɗannan ƙwayoyi ƙarfinsa tsakanin 3 da 4 yake. Tazarar ta yi kaɗan. Idan ƙulli biyu suka yi karo, ko ƙulli ya ci karo da ilaktiron mai wucewa, kuzarinsu yakan taru a ƙwaya ɗaya ya kai 5 ko 6, ɗaurin ya tsinke. A 2007 Denis Kondakov da abokan aikinsa a Kodak suka buɗe na'urorin da suka daɗe suna aiki suka tantance abin da ke ciki, suka tarar da gutsattsarin CBP da ya tsinke daidai a wannan ɗauri. Wannan binciken ne na fi riƙewa a zuciya lokacin da na zauna a shagon mai gyaran, domin ya nuna cewa mai masaukin kansa yana karyewa, kuma kowane gutsure da ya bari yakan zama tarko mai haɗiye kuzarin da ya kamata ya isa ga baƙo. Gutsure kaɗan ya isa ya rage hasken ɗigo yadda ido zai lura.

Saboda haka a mafi yawan wayoyin da ke hannun mutane, ja da kore suna aiki da baƙi masu ɗauke da iridiyom, shuɗi kuwa har yanzu da tsohuwar hanya yake tafiya, a cikin mai masauki na dangin antirasin, sinadarin nan na Pope. Tirifilet ɗinsa ƙasa yake, wajen 1.8, bai isa ya tsinke ɗauri ba, kuma idan biyu suka haɗu sukan iya haifar da singilet ɗaya, wanda ke rage asara, ko da yake ko a lissafin takarda abin da ake iya cetowa bai wuce kashi 62.5 cikin ɗari ba. Ɗigon shuɗi ke nan yana shan wuta fiye da 'yan uwansa kafin ya ba da nasa kason, yana kuma ɗauke da kuzari mafi haɗari. Shi ya sa shi ke fara tsufa, shi ya sa kuma masu ƙerawa suke faɗaɗa shi fiye da sauran don nauyin ya bazu.

Abin da gwaji ya nuna

Mun zauna a shagon mu biyar, ni da direban da mai gyaran da shugaban kwamitin da sakatarensa. Da farko muka kashe fitila muka saki labule muka buɗe baƙin hoto. Fuskar ta yi baƙi ƙirin, ba ko ɗan hasken da ke ɓullowa daga gefe, wanda ya tabbatar da cewa OLED ne na gaske, ba LCD aka saka aka kira shi da wani suna ba, ha'incin da kowa a kasuwar ya san ana yi. Sai muka sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma da mai gyaran ke amfani da shi wajen walda. Babu baƙaƙen tabo masu zagaye irin waɗanda damshi da iska ke haifarwa idan murfin shimfiɗun ya samu kafa, babu kuma koren layi ko ja mai ratsawa daga sama zuwa ƙasa irin na lalacewar igiyar sikirin. Hannun mai gyaran ya fita ke nan daga zargin ɓarna wajen sakawa.

Daga nan muka cika fuskar da launi ɗaya-ɗaya. A ja da ƙyar ake ganin inuwar. A kore ta ɗan fito. Da muka sa shuɗi sai taswirar ta bayyana ƙarara har ana iya karanta siffar lambobin agogo, direban da kansa ya yi salati. Wuraren da suka daɗe suna nuna fari sun dushe, waɗanda ke ƙarƙashin baƙin rubutu da alamomi masu duhu kuwa sun huta sun riƙe ƙarfinsu, kuma tunda fari haɗin launukan uku ne, inda shuɗi ya ja baya dole farin ya karkata zuwa ruwan ɗorawa. Inuwar, in an duba da kyau, rubutaccen tarihin aikin da kowane ɗigo ya yi ne.

Sai na tambayi direban yadda yake amfani da wayar. Ya ce yana maƙala ta a jikin gilashin gaba tun bayan asuba har dare, taswira a buɗe, haske a ƙure saboda rana ba ta barin ya gani, caja kuma a jone. Waɗannan abubuwa kowanne yana da nasa cin. Dangantakar haske da tsawon rai ba ɗaya-da-ɗaya take ba: idan aka ninka haske, yawan karon ƙulli yana ƙaruwa fiye da ninki, ran ɗigon yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku ko ma huɗu. Zafi kuma yana hanzarta kowace irin lalacewar sinadari, kuma watannin bakwai ɗin nan sun haɗa da Fabrairu da Maris da Afrilu, lokacin da zafin Abuja da rana ke haura digiri 35, wanda shi ne iyakar da Apple da Samsung duka suka rubuta a ƙa'idar amfani da wayoyinsu. Gaban motar da ke tsaye a rana yana iya wuce digiri 60. Shi CBP na farko a digiri 62 shimfiɗarsa ke fara laushi, wannan ma na cikin dalilan da suka sa masana'antu suka koma ga masu masaukin da ke jure fiye da digiri 100, amma juriya ga laushi ba ta hana ɗauri tsinkewa da sauri a cikin zafi.

A nan mai gyaran ya ɗauko littafinsa ya nuna cewa a makon da ya yi wa direban aiki, ya canza wa ƙanen direban sikirin na waya iri ɗaya daga kwali ɗaya, lokacin da ya zo ziyara daga Jos. Ƙanen tela ne a Unguwar Rogo. Aka yi masa waya ya aiko da tasa a motar safe, muka sake zama washegari. Shuɗinta fes, ba inuwa ko kaɗan. Ba abin mamaki ba ne, domin Jos tana kan tsaunin da ya kai wajen mita 1,200, iskarta da sanyi, wayar kuma a cikin shago take yini kusa da keken ɗinki, ana duba ta jefi-jefi. Sakataren ya fara rubuta cewa laifin na mai amfani ne.

Direban bai ɗaga murya ba. Ya dubi shugaban ya ce, “Baba, aikin nan da nake yi yau shi na yi da tsohon sikirin fiye da shekara biyu, a mota ɗaya, a rana ɗaya.” Wannan magana ce ta juya zaman, kuma a ganina ita ce hujja mafi nauyi da aka kawo. Masu gyara ba sa zubar da fasasshen sikirin in cikinsa na aiki, don haka mai gyaran ya buɗe aljihun tebur ya lalubo shi, da sunan direban a kan ɗan salatif. Aka jona shi. Ta cikin tsagar gilashin ya kawo haske, a ja da kore ba komai, a shuɗi kuma akwai inuwar, amma siririya, sai an ƙura ido. Bazara biyu ya ci a gaban motar, bai kai rabin lalacewar da sabon ya yi a bazara ɗaya ba. Muka ƙara da auna wutar da kowannensu ke ja a na'urar ba da wuta ta shagon, muka daidaita farinsu da ido gwargwadon iko, sai sabon ya nuna yana jan wuta fiye da tsohon a sarari. Sikirin da ke buƙatar ƙarin wuta don ya ba da haske iri ɗaya yana ƙara wa kansa zafi, yana kuma ƙara wa mai masaukinsa nauyi a kowace daƙiƙa.

Inda bambancin yake

Kamfanoni suna ɓoye haɗin da suke zubawa a shimfiɗunsu, kuma ba a rubuta sunan mai masauki a bayan kowane sikirin. Amma an san wuraren da ake rage kuɗi. Na farko tsarki: ana tace waɗannan sinadarai ta hanyar tururar da su a bututun da aka zuƙe wa iska sau da yawa, domin ragowar kulorin ko buromin daga wajen haɗawa, ko da 'yan kaso ne cikin miliyan, yana gajarta ran na'ura, kowane zagayen tacewa kuma kuɗi ne da asarar kaya. Sai zamanin sinadarin kansa. Masu samar da shi irin su Idemitsu Kosan na Japan, wanda ya yi suna a kayan shuɗi, da Merck na Jamus, suna sabunta ƙwayoyinsu a kai a kai, sabon kuma yana da tsada da takardun mallaka. Har ma an kai ga musanya haidirojin da ke jikin mai masauki da ɗan'uwansa mai nauyi, diyuteriyom, saboda ɗaurinsa da kabon ya fi wuyar tsinkewa. A ƙarshen 2021 LG Display na Koriya ta Kudu ya sanar da allunan talabijin masu wannan dabara, ya ce haskensu ya ƙaru da abin da ya kai kashi 30 cikin ɗari. Diyuteriyom kuwa wajen ɗaya ne cikin kowane haidirojin 6,400 a ruwan teku, don haka ba kayan araha ba ne. Ban da sinadari, sikirin da ya zo da waya an daidaita shi da manhajar da ke lura da tsufan ɗigo tana ramawa, abin da na canji ba lallai ya samu ba, na kuma faɗa wa kwamitin cewa wannan ma yana da nasa kaso a bambancin da muka gani.

Ra'ayin da na bayar shi ne cewa babu maƙaryaci a cikinsu. Sikirin ba jabu ba ne a ma'anar da direban ke nufi, amma ba sa'an na ainihi ba ne, kuma kalmar orijina da mai gyaran ya furta alkawari ce a kan abin da idonsa ba ya iya gani. Ranar sakawa sikirin biyun ba su da bambanci a ido, domin baƙo ake gani, shi kuwa baƙo a ranar farko kowane gida ya sauka fes yake. Ga tela a Jos alkawarin ya cika. Ga direba a Abuja bai cika ba, kuma mai gyaran ya san aikin direban, tunda a gabansa wayar ta yi ta ƙarar kiran fasinja. Direban shi ma yana da nasa, domin barin waya a jikin gilashi da tsakar rana da caja a jone ya saɓa wa ƙa'idar da masu ƙera ta suka rubuta, ko da tsohon sikirin ya jure.

Kwamitin ya yanke cewa ba za a mayar da kuɗi ba, amma mai gyaran zai kai tsohon sikirin wurin masu injin raba gilashi, a ɓamɓare fasasshen a manna sabo, ya kuma mayar da shi kan wayar, duk a aljihunsa, in kuma ya lalace wajen rabawa su raba kuɗin wani na ainihi biyu. Bai lalace ba. An kuma umarci 'yan layin da kada su rubuta orijina a rasit sai ga wanda aka ciro daga waya ko ya fito daga kamfanin da ya ƙera ta, sauran a rubuta kwafi a faɗi darajarsa da tsawon garantinsa. Direban ya sauko da maƙalin wayar zuwa bakin iskar sanyaya mota, ya mayar da taswirar zuwa baƙin launi, yana kuma kashe fuskar idan yana jiran fasinja a filin jirgi.

Sikirin mai inuwar yana nan a shagon. Mai gyaran ya jona shi da na'urar gwaji a gefen tebur, kuma duk wanda ya kawo fasasshiyar waya, kafin a yi maganar kuɗi sai ya tambaye shi sana'arsa. In ya ce direba ne ko mai kai saƙo a babur, sai ya kunna masa shuɗin ya gani.